Man Gyaɗa a Makullin Baba Goni

Ɗan makullin ya shiga, amma ya ƙi juyawa. Salome ta zare shi, ta goge shi da gefen zaninta, ta sake turawa, ta murɗa da hannu biyu har shatin ƙarfen ya fito a yatsunta. Ko motsi bai yi ba. Da ta sake zaro shi sai ga wani baƙin danƙo ya biyo shi, mai warin tsohon mai, da matattun kiyashi manne a jiki. Ba sai an gaya mata ko mene ne ba. Ita ce mai matsar man gyaɗa a layin nan, ta san ƙamshinsa in yana sabo, ta kuma san warinsa in ya daɗe ya lalace.

Ta durƙusa ta kai bakinta wajen tsagar ƙofar. "Baba Goni, kana ji na?"

Muryar maƙwabcin nata ta fito daga ƙasa, dab da dokin ƙofa, a karkace kamar ta mai magana da loma a baki. "Ina jin ka, Salome." Hausarsa ta Barebari ce, ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a wurinsa. "Na faɗi. Hannun dama ya tafi, ƙafa ma ya tafi. Na cire makulli nawa don naka ya shiga."

"Ya shiga, Baba. Juyawa ne ya ƙi."

"Murɗa da hankali. Na sa masa mai."

Takaici ya kama Salome. Da a ce tsohon nan a tsaye yake, da ta wanke shi tas, don man nan da yake taƙama da shi, shi ne abin da suka daɗe suna faɗa a kansa. Amma ba a yi wa wanda yake kwance a ƙasa faɗa. Tun da gari ya waye ba ta ji ƙamshin turarensa ya tsallako katanga ba, ba ta kuma ji ƙarar tsintsiyarsa a ƙofar ɗaki ba, jikinta ya ba ta cewa ba lafiya. An yi ruwa da asuba, gari ya yi sanyi, man da ke cikin makullin ya ƙara daskarewa. Ta haɗiye maganar da ke bakinta, ta miƙe ta ƙwala wa Dorcas kira, ma'aikaciyar asibitin da ke zaune a gidan baya.

Baba Goni mutumin Bama ne, mai sayar da turaren wuta. Ya iso Mubi shi kaɗai, da jakar buhu ɗaya da carbi, a lokacin da duk wanda ya ce daga Borno yake sai a bi shi da kallo. Ya kama ɗaki ɗaya mai fuskantar titi, bango ɗaya da gidan Salome. Abu na farko da ya yi, tun kafin ya sayi tabarma, shi ne ya kira mai walda ya sa masa ƙofar ƙarfe mai makulli a jiki, da sakata biyu ta ciki, ya kuma gitta ƙarafa a taga. 'Yan layi suka yi ta dariya, wai me yake ɓoyo a ciki in ban da ƙamshi. Sai daga baya Khamis, ɗan garinsu mai tuƙa keke napep, ya ba Salome labari. A Bama 'yan bindiga sun zo gidan tsohon da rana tsaka, suka yi ta dukan ƙofarsa da guduma yana ciki da iyalinsa, suna ji suna gani har ta faɗi. Suka fita da ɗansa Habib, ba a sake ganinsa ba. Baƙin ciki ya kwantar da matarsa, ba ta tashi ba. 'Yar da ta rage masa tana aure a Yola, ta yi ta roƙo ya koma wurinta, ya ce shi ba zai tsufa a gidan suruki ba. Wanda maciji ya sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Daga ranar Salome ba ta sake dariyar sakatun nan ba.

Ranar da Mubi ta faɗa hannun 'yan bindigar nan, tare suka gudu. Har yau in ta tuna sai ranta ya ɓaci: harbi yana tashi ta ko'ina, jama'a suna ta kwarara, ita tana tsaye a tsakiyar titi da ƙullin kaya a kai, shi kuwa Baba yana kulle ƙofa, yana girgiza ta, yana sake girgizawa. Suka bi ta Gella suka hau duwatsu. Ita ta riƙe masa hannu a inda dutse ya yi santsi, shi kuma ya raba goronsa na ƙarshe biyu ya ba ta rabi. In ya tsaya salla ta tsaya masa gadi, in ta durƙusa addu'a ya juya baya ya tsare mata hanya. Da aka ƙwato gari suka dawo, sai suka tarar an ɓalle ƙofar katakon Salome, an kwashe har turmi. Ƙofar Baba Goni kuwa tana nan yadda ya bar ta. Ya ciro ɗan makulli daga ƙugunsa, ya sa, ya murɗa, ta buɗe. Allah kaɗai ya san dalilin da ya sa ɓarayi suka tsallake ta, wataƙila ƙyuya ce ta kama su da suka ga ƙarfe. Amma Baba yana da nasa bayanin. Ya ce ƙofar da ake kula da ita tana kula da mai ita, shi kuwa bai taɓa barin tasa da yunwar mai ba.

Nan fa aka samu abin faɗa. Marigayi Dawuda, mijin Salome, malamin firamare ne, kuma tun tana amarya ya nuna mata cewa makulli ba ya son abu mai danƙo. In ya fara tauri, a kankare bakin fensir a hura garin cikin kafarsa, shi ke nan. In abin ya yi tsanani, ɗigon man keken ɗinki ya isa. Man girki kuwa mayaudari ne: ranar farko makulli zai yi laushi har ka ji daɗi, daga nan sai ya tara datti, ya yi kauri, ya gayyato kiyashi, wata rana ya kama ƙarfen ya riƙe. Ta gaya wa Baba Goni wannan da lallashi, ta gaya masa da faɗa, ta gaya masa a gaban mutane ko kunya za ta sa ya bari. Har fensir sabo ful ta kawo masa. Ya karɓa ya yi godiya, bayan kwana biyu ta gan shi yana sosa kunne da shi.

"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo," in ji shi. "Ƙofan wa aka fasa, nawa ko naka? Fensir na 'yan makaranta ne. Abin da ya gyara cikin mutum, zai gyara ƙarfe."

Abin haushin ma, man nata ne. Duk ran da ta matsa takan zuba masa a 'yar kwalba don ya ci wake da shi. Ta sha rantsewa ba za ta ƙara ba shi ba, sai ta tuna tsoho zai ci wake gaya, ta sake zubawa. Rabi ya tafi tukunya, rabi ya tafi makulli ta kan gashin kaza.

Da farkon damina jiri ya kayar da shi a bakin kasuwa. Dorcas ta auna shi ta ce jininsa ya hau sosai, kuma mai irin wannan ciwo bai kamata ya riƙa rufe kansa da sakata biyu shi kaɗai ba. Aka yi ta fama da shi, kunnen ƙashi gare shi kamar me. Daga ƙarshe wata yamma ya yi sallama a ƙofar Salome, ya ajiye mata sakatun nan biyu da ya sa aka zare, ya ɗora ɗan makulli na biyu a kai. Ya ce daga yau ba sakata, kuma ba zai bar makullinsa a jikin ƙofa ba, don in wani abu ya faru ta iya shigowa. Amma shi ma yana da sharaɗi: muddin yana numfashi, kada ta bari kowa ya fasa masa ƙofa. An fasa sau ɗaya, ya isa. Salome ta ce ta ji, ta ɗauka. A lokacin gani take alkawari ne mai sauƙi, tunda ga makulli a hannunta.

Yanzu ga ta da makullin a hannu, ga ƙofa a rufe, ga layi ya cika kafin ka ce kwabo. Mutanen Mubi ba su da rowar taimako, sai dai kowa da irin man da ya yarda da shi. Wata ta zo da man ja a murfin kwano. Wani ya zo da man shafawa a kan yatsa. Asta mai nono ta sauke ƙwaryarta ta lakato man shanu, ta matso bakin ƙofar tana tsokanar tsohon yadda Fulani da Barebari suka saba, wai yau ga ranar da Babarbare zai san amfanin uwargijiyarsa. Daga ciki aka ji wani abu mai kama da dariya. Salome ta kore su duka, tana cewa abin da ya kashe makullin ke nan suke son ƙara masa. Amma da ta zagaya ta leƙa taga tare da Dorcas, kafin ta dawo Khamis ya riga ya tsiyaya baƙin man kekensa a kafar makullin har yana zuba. Ta sa ɗan makulli, ya shige sulɓi, ya fito sulɓi, bai juya ba, sai hannunta da ya yi baƙi yana zamewa. Garin neman gira an kusa rasa ido. Ta galla wa Khamis harara.

Aka ce a kira mai walda ya yanke makullin. Mai walda tun da ya gudu Kamaru bai dawo ba, ko da ya dawo ma, wutar lantarki ba ta dawo ba. Aka ce mai gyaran makulli na bakin kasuwa fa? Wani ya ce rumfarsa ta ƙone, ya koma Uba wurin 'yan'uwansa. Duk hanyar da aka ambata sai a tarar gudun nan ya cinye ta.

Ta taga ƙafafun tsohon kawai ake hangowa, ɗaya a miƙe, ɗaya a lanƙwashe, kansa yana can jikin ƙofa inda ido ba ya kaiwa. Dorcas ta ja Salome gefe ta ce wannan shanyewar ɓarin jiki ce, kuma irin ciwon nan ba ya jira, duk jinkirin da aka yi wani abu ne yake ƙara mutuwa a kansa. A fasa ƙofar kawai. Khamis ya riga ya ɗauko guduma daga ƙarƙashin kujerar kekensa. Ya dubi Salome. Salome ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, sai ta kau da kai, shi kuwa ya ɗauki wannan a matsayin izini.

Duka ɗaya ya yi. Ƙarar ta tashi kamar bindiga, ta bi layin har ƙarshe. Matan da ke tsaye suka watse da gudu, mai shagon kusurwa ya jawo ƙofarsa ya rufe, Asta ta bar ƙwaryarta a ƙasa. Garin da ya ji abin da Mubi ta ji ba ya tsayawa tambayar mece ce ta yi ƙara. Daga bayan ƙofar kuwa wata murya ta fito wadda Salome ba ta taɓa jin Baba Goni ya yi ba, siririya, a firgice, da Barbarci zalla. Kalma ɗaya ta gane a ciki, sunan Habib, yana ta maimaitawa.

Khamis ya ɗaga guduma zai ƙara, sai hannunsa ya tsaya a sama. Shi yana jin yaren.

"Me yake cewa?" in ji Salome.

"Yana ce wa Habib ya shiga ƙarƙashin gado. Wai sun zo."

Salome ta shiga tsakaninsa da ƙofar, ta jingina bayanta da ƙarfen. Khamis ya sauke gudumar a hankali ya jingine ta da bango. Ta durƙusa ta yi ta kiran tsohon, tana gaya masa nan Mubi ne, ita ce Salome, babu kowa sai maƙwabta. Ta daɗe tana faɗa kafin kukan ya lafa, numfashi ya dawo yana fita da ƙyar.

"Salome," ya ce. "Ka ce ba za a fasa ba."

"Baba, Dorcas ta ce in ba mu kai ka asibiti yanzu-yanzu ba, abin zai yi muni. Ka bari a buga sau biyu, sau uku, ya ƙare."

"Na ji shi. Ni na cire sakata nawa. Saura alkawari naka."

Dorcas ta tsuguna kusa da ita ta rage murya. "Mama, alkawari ne babba ko rai? Mutumin nan ba ya cikin hankalinsa."

"Yanzu yana ciki. In aka ƙara bugawa ne zai fita, kuma kansa yana jikin ƙofar nan. Kina so ya mutu yana ganin sun sake zuwa?"

Fuskar Dorcas ta nuna ba ta yarda ba. Salome kanta ba ta tabbata ta yi daidai ba, wannan ne ya fi ci mata rai. Haushin tsohon take ji, da haushin Khamis, da haushin man ja da man shanu, da haushin kanta da ta karɓi alkawari ba ta taɓa gwada makullin ko sau ɗaya ba. Ta miƙe ta shiga gida, ta ɗauko fitilarta ta juye kananzirin a kofi, ta zari tsinke daga tsintsiya, ta ce wa Dorcas ta ba ta sirinji. Fensir ba zai yi komai ba a kan wannan taɓo, sai an fara wanke shi.

Aikin ba na gaggawa ba ne, ita kuwa gaggawa ce take cin ta. Ta zuƙi kananzir ta tsirta cikin kafar makullin, ta jira, ta sa tsinke ta sakato. Baƙin ruwa ya riƙa gangarowa a jikin ƙofar, da kiyashi, da guntayen gashin kaza, da wani abu kamar ƙaro. Ta sa ɗan makulli ta jijjiga shi hagu da dama a hankali, don Khamis ya ce bari ya kama da filaya ta ce in ya karye a ciki sai dai ya haɗiye filayar. Ta zare, ta goge, ta sake tsirtawa. Rana ta ɗaga, hadarin safe ya watse, ƙarfen ƙofar ya fara zafi. Mutanen da suka gudu suka dawo ɗaya-ɗaya suka tsaya nesa, masu ba da shawara ba su fasa ba, ita dai ba ta ɗaga kai ba.

Tsohon ya ce ƙishirwa yake ji. Babu ta inda kofi zai shiga. Salome ta yagi bakin ɗankwalinta, ta jiƙa da ruwa, ta tura ta ƙarƙashin ƙofa da tsinke. Ta ji yatsun hagunsa suna laluben tsumman, suka taɓa nata, suka ja. Wannan taɓawar ce ta kwance mata baki.

"Baba, wane irin taurin kai ne wannan? Na ce maka fensir, na ce maka man keken ɗinki, har kawo maka na yi. Man da na cire a makullin nan ya isa a soya ƙosai. Kullum kake zuba masa ne?"

Sannan muryar ta zo, ta ƙara nauyi.

"Da, sai wata ya yi. Tun da na ba ka makulli, kowane Juma'a nake sa." Ya tsaya ya ja numfashi. "Na ce hannunka na mace ne, ga aikin gyaɗa ya gajiyar da shi. Kada ka sha wahala ran da za ka zo."

Salome ta buɗe baki za ta yi faɗa, faɗan ya ƙi fitowa. Hawaye ne suka zo, masu zafi, na takaici da tausayi a haɗe, har ta daina ganin kafar makullin. Ta share da bayan hannu, kananzir ya shiga mata ido, ta ƙara jin haushi. Ta ce masa ya yi shiru ya adana ƙarfinsa, in ya warke za su ƙarasa wannan magana. Ta zuƙi sauran kananzirin da ke kofin, ta tsirta duka, ta sa ɗan makulli.

Da ya juya ma ba wata ƙara ya yi ba, ɗan ƙas kawai, kamar an karya tsinke. Ta tsaya riƙe da shi ba ta yarda ba, sai da Khamis ya miƙa hannu ta kanta ya jawo ƙofar waje.

Baba Goni yana kwance a kan siminti, rabin fuskarsa ya zube, hularsa ta gangara gefe. Ɗan makullinsa yana damƙe a hannun hagu tare da jiƙaƙƙen tsumman. Salome ta zauna a ƙasa ta ɗora kansa a cinyarta, abin da ba ta taɓa tunanin za ta yi wa namijin da ba nata ba, kuma babu wanda ya ga laifinta. Dorcas ta kama wuyan hannunsa, ta ɗaga fatar idonsa, ta ce wa Khamis ya juyo da keke bakin ƙofa. Idon tsohon guda mai motsi bai tsaya kan kowa ba, ya wuce su ya tafi kan ƙofar da ke buɗe, a tsaye kan ƙafarta.

"Ba a fasa ba?"

"Ba a fasa ba, Baba. Da makulli na buɗe."

"Ka gani," ya ce. Bakinsa ya motsa kamar zai ƙara wani abu, kuma Salome ta san sarai abin da zai ce game da mai, har ta shirya amsa. Bai ƙara ba. Numfashinsa ya canza, ya riƙa ja da tsawo. Dorcas ta saki hannun ta yi wa Khamis alama ya bar keken ya zo. Khamis ya durƙusa ya kai baki kunnen tsohon yana karanta masa kalmar shahada, leɓen tsohon yana bi a hankali. Kafin a kira azahar ya cika.

Daga nan abin ya koma hannun maza. Salome ta fita ta ba su wuri, aka yi masa wanka a cikin ɗakin, aka turara likkafanin da turarensa. Khamis ya kira 'yar marigayin ta Yola a waya, ta ce kada a jira ta, hanya ba ta da tabbas, za ta taso da safe. Bayan la'asar aka sallace shi a ƙofar masallacin layi, aka ɗauke shi. Mazan cocinsu Salome ma sun bi har maƙabarta, sun tsaya daga baya. Mata suka zauna a tsakar gidanta, Asta tana ta kuka tana cewa wa za ta tsokana kuma.

Da mutane suka ragu, Salome ta tare Dorcas a bakin randa. Tambayar tana cin ta tun rana.

"Ki gaya mini gaskiya. Da mun fasa tun safe, da ya tashi?"

Dorcas ta daɗe tana wanke hannun da ba shi da datti. "Ban sani ba, Mama. Wataƙila. Wataƙila kuma dukan ne zai ƙarasa shi."

Salome ta so a ce mata e ko a'a, ko wanne ne za ta iya ɗauka. Wataƙila kuwa ba ta da mariƙi, ba a san ta inda za a ɗauke ta ba. Ta gyaɗa kai kawai, ta ce bari ta je ta rufe ɗakin kafin 'yar ta iso.

Ɗakin yana warin kananzir da turare. An naɗe tabarma, an jingine ta da bango. A bayan ƙofa, a kan wani ɗan bulo, ta ga kwalbar manta saura kaɗan, da gashin kaza tsaye a ciki. Kusa da ita ga fensirin da ta kawo masa, ko fiƙe shi ba a taɓa yi ba. Ta ɗauke shi ta jujjuya. Ta nemo rezar da yake yanke farce da ita, ta zauna a dokin ƙofa, daidai inda kansa ya kwanta, ta fere itacen, ta kankare baƙin a tafin hannunta har ya taru. Zafin rana ya riga ya busar da makullin. Ta kai tafin hannun bakin kafar, ta hura.

Ta fito ta tura ƙofar, ta sa ɗan makulli. Da yatsa biyu ya juya. Ta buɗe, ta sake kullewa, ta sake buɗewa, babu inda ya tsaya. Ta kulle na ƙarshe ta zare, ta haɗa shi da na tsohon ta ƙulle su a bakin zaninta. Sama da makullin kaɗan akwai ɗan lotsawa inda gudumar ta sauka, ta sa babban yatsa ta shafa shi. A ƙasa kuwa kiyashi sun riga sun ja layi, suna bi ta ƙarƙashin ƙofar suna shiga wurin kwalbar.